Wace sanda, wane muline da wane zare zan ce a kawo mini don kamun kifi da sifinabet?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fatsa ta zamani. Yayana da ke Faransa zai zo hutu bayan salla, ya ce in faɗi abin da nake so ya riƙo mini, ni kuma na daɗe ina kallon bidiyon ƴan Amurka a YouTube suna kama kifin nan nasu bas da wani abu da suke kira sifinabet, waya ce a lanƙwashe, gefe ɗaya ƙugiya da dalma da gashin roba, ɗaya gefen ƴan faifan ƙarfe masu juyawa suna walƙiya cikin ruwa, ba tana ba hanjin kaza ba komai, jefawa kawai kake kana naɗowa. Wani abokina ya ba ni guda biyu amma ba ni da sanda ba ni da muline, wato ɗan injin naɗa zare da ake ɗaurawa jikin sanda, a kasuwar Dole kuma ƙugiya da lailan kaɗai na samu. To matsalar ita ce yayan nawa bai san komai ba a kan su, in ban rubuta masa dalla-dalla ba zai shiga kanti ya ɗauko duk abin da mai kanti ya miƙo masa. Wace irin sanda, tsawon nawa? Muline wanne, wanda ke zama a saman sanda ko na ƙasa? Zare kuma na ga kala-kala ne. Kuɗin da ya ware bai wuce jika sittin ba in an juya shi sefa. Inda nake zuwa galibi Gidimuni ne da tafkunan wajen Mirriya, wani lokaci in aiki ya kai ni Yamai in leƙa bakin kogi. Allah ya saka da alheri.

Mushe Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu kai ga sanda bari in fara cire maka abu ɗaya daga rai, kifin da kake gani a bidiyon nan babu shi a ruwanmu. Ɗan Amurka ta Arewa ne, an kai shi Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Maroko da Kenya, amma nan Nijar ba za ka same shi ba. Kuma ba wani ƙaton kifi ba ne, mafi girma da aka taɓa rubutawa kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo daidai shi a tafkin Biwa. Yawancin waɗanda suke ɗagawa gaban kyamara kilo ɗaya ne zuwa biyu. Giwan ruwa namu kuwa yana iya wuce kilo 100. Na faɗi haka ne don ka san kayan da suke yabawa an auna su ne da nasu kifin, kai sai ka auna da naka. Abin daɗin shi ne giwan ruwa mafarauci ne shi ma, ƙananan kifi yake ci, yana laɓewa jikin duwatsu da kututturan da suka nutse, don haka sifinabet yana yi masa aiki, na sha kama ƴan kilo biyu kilo uku da shi lokacin da nake koyarwa a Yamai.

Sanda. Ka ce masa mita 2,10, in babu to 1,98, kar ta gaza haka kar ta wuce 2,40. A Faransa da giram suke rubuta ƙarfin sanda a jikinta kusa da mariƙi, ya nemi wadda aka rubuta 10-30 g ko 7-28 g, ita ce ƴan Amurka ke ce wa MH. Dalili, sifinabet da aka fi amfani da su 3/8 da 1/2 ne a ma'auninsu, wato giram 10 da rabi da giram 14, amma fa wannan nauyin dalmar ne, in ka haɗa waya da faifai da gashin roba sai ya haura giram 20, kuma faifan nan in suna juyawa suna jan ruwa sosai, sanda mai laushi tun kafin kifi ya zo ta riga ta lanƙwashe, to da me za ka soka ƙugiyar? Ƙugiyar sifinabet guda ɗaya ce kuma mai kauri, tana son sanda mai ƙashin baya. Amma kanta ya zama yana da ɗan laushi, kashi ɗaya cikin uku na sama ya riƙa lanƙwasa, shi ke taimaka maka wajen jifa kuma yana ba kifi damar haɗiye abin kafin ka fizge masa daga baki.

Sannan ka jaddada masa mai gaɓa biyu. Za ka ji masana na cewa guda ɗaya ɗungurungum ta fi, gaskiya ne, amma su a motarsu suke ɗorawa. Taka sai ta hau jirgi ta sauka Yamai, ta shiga ƙarƙashin mota tare da buhuna kilomita kusan 900 zuwa Damagaram, daga nan kuma kullum a bayan moto. Mai shigewa cikin juna irin eriyar rediyo kuma kar ya yarda a liƙa masa ita, yashi na shiga gaɓoɓinta ta maƙale, kuma ba ta da ƙarfin soka irin wannan ƙugiya.

Muline, ni shawarata na ƙasa, mai girman lamba 3000 ko 4000, Shimano ko Daiwa ko da mafi arha cikin nasu ne. Dalilina sai in wani ya musa in faɗa, don na san za a musa.

Zare ka fara da lailan mai kaurin milimita 0,30 zuwa 0,35. Ya sayo babban ƙulli, saboda ranar garin nan tana cin lailan, in ya kwana biyu a rana za ka ga ya yi fari-fari yana tsinkewa da ɗan ja, sai ka riƙa sauyawa. Kar ka bar shi a kan rufi ko cikin mota.

Injiniya Zango:

To Mushe ga mai musun ya iso, hhh. Ranka ya daɗe a kan sanda ban da ta cewa, amma muline kam sifinabet na sama aka yi wa. Duk wanda ka gani a bidiyo da shi yake, kuma ba don ado ba ne. Da na sama babban yatsanka yana kan zare, kana iya tsayar da abin a iska ka sauke shi a hankali dab da gindin kacalla ba tare da ya fantsama ruwa ba, kuma zare mai kauri 0,35 zuwa 0,40 yana fita lafiya lau, alhali a na ƙasa lailan mai kaurin nan murɗewa yake yana zubowa zobe-zobe. Ga shi jan abu mai nauyin ruwa yini guda na sama ya fi jurewa don kai tsaye yake naɗewa.

Ɗan Birni in ka zaɓi na sama ka duba lambar da ke jiki, za ka ga 5.4:1 ko 6.3:1 ko 7.1:1, ma'ana in ka juya hannu sau ɗaya sau nawa abin naɗin zaren ke juyawa. Ɗauki 6.3 ko 6.4, shi ne tsaka-tsaki, kana iya ragewa kana iya ƙarawa. 7 zuwa sama yana sa sabon shiga gudu, abin ya taso saman ruwa kifi na kallonsa ya wuce. Kuma kar ka gwada wannan lamba da ta muline na ƙasa, shi bakinsa ya fi faɗi, 5.2:1 ɗinsa yana iya naɗo santimita 75 ko fiye a juyi ɗaya, ya ma fi na sama mai 6.3 sauri, abin dubawa shi ne santimita nawa a juyi, suna rubutawa a kwali. Ka kuma gaya masa hannun da kake so, dama ko hagu, don na sama ba a juya masa hannu kamar na ƙasa. Abu mafi muhimmanci, sandar na sama daban take da ta na ƙasa, tana da ɗan ƙugiyar yatsa a ƙarƙashin mariƙi kuma zobbanta ƙanana ne suna kallon sama, kar ya haɗo maka sandar wannan da mulinen wancan.

Zare ni saƙaƙƙe nake sawa, wanda Faransawa ke kira tires, 0,20 zuwa 0,25. Ba ya miƙewa ko kaɗan, duk juyin faifai kana jinsa a tafin hannunka, da ciyawa ta naɗe shi za ka ji ya mutu, kuma in kifi ya shige ganye yana yanka ganyen ya fito. Rana ma ba ta cinsa kamar lailan.

Mushe Mai Ritaya:

Injiniya duk abin da ka faɗa haka yake, ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Amma dubi wanda ke tambaya, bai taɓa riƙe muline ba. Na sama in ka jefa, abin naɗin yana juyawa da kansa, in sifinabet ya rage gudu a iska shi kuwa bai rage ba sai zare ya cukurkuɗe a ciki, kuma sifinabet yana cikin abubuwan da iska ta fi kamawa saboda faifan da gashin. Yanzu ka kai yaron nan bakin Gidimuni a watan Janairu iskar hunturu na kaɗowa daga gabas, ga saƙaƙƙen zare da in ya ƙulle ba ya kuncewa sai da reza, rabin ranarsa a tsugune zai yi ta. Na biyu kuɗi. Cikin jika sittin ana samun na ƙasa mai kyau da sanda da zare har a yi canji, amma na sama mai arha birkinsa ba ya da kirki, gara babu da shi. Na uku ƙura. Na ƙasa ka kwance shi da sukundireba ka wanke ka sa mai, mai gyaran agogo ma zai iya maka, tsohon Mitchell 300 ɗina na Faransa har gobe yana aiki. Na sama ƙananan kaya ne cike da cikinsa, in guda ya ɓace wa zai ba ka a Zinder? Ya koyi ruwa tukuna, shekara mai zuwa in yayan ya dawo ya sayo masa na saman.

Batun murɗewar lailan kuma, shi ya sa na ce 4000 kuma kar ya wuce 0,35. Ya riƙa rufe ƙarfen bakin da hannu bayan jifa, kuma in kifi yana jan zare birki, wato abin da ke sakin zare in jan ya yi ƙarfi, na kuka kar ya ci gaba da juya hannu, wannan ne ke murɗe zare.

Ɗan Masunta:

Salam. Ni ba na jin turancin lambobin nan naku amma a bakin ruwa aka haife ni, babana da kakana duk su suke yi a Gidimuni, to bari in faɗi nawa. Malam Ɗan Birni abin da ya fi yawa a tafkunanmu tarwaɗa ce da karfasa sai gaiwa. Karfasa bakinta ƙarami ne, wannan ƙatuwar ƙugiya ba za ta shiga ba ko ta so. Gaiwa tana can cikin laka ba ruwanta da walƙiya. Saura tarwaɗa, ita kam tana bugun abu mai motsi, babbar tarwaɗa tana cin ƴan kifi da kwaɗi har ɗan tsuntsu in ya faɗo, amma da gashin bakinta da jin motsi take farauta ba da ido ba, to sai ka ja a hankali kusa da ƙasa, da asuba ko dab da magariba. Giwan ruwa kuwa ba kowane tafki ke da shi ba, sai inda ruwa ke da zurfi ba ya ƙafewa ko inda aka taɓa zuba irinsa, in ka je wuri ka fara gaida sarkin ruwa ka tambaye shi, zai faɗa maka abin da taru ke fitowa da shi, ya fi maka bidiyo ɗari.

Kuma don Allah ka tambaya inda aka shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari kafin ka fara jifa. Mamari igiya ce doguwa da ƙugiyoyi ɗaruruwa a ƙarƙashin ruwa ba ka ganinta, in abinka ya kama ta ka yi asararsa kuma ka ja wa kanka faɗa da mai ita. Ka kuma je wajen ƴan gandun daji ka ji zancen takardar izini kar a ƙwace maka sabon kaya ranar farko.

Kacalla ta cinye gefen tafkin sosai, wurin tsayawa a ƙafa kaɗan ne, in ka samu mai jirgi ya shiga da kai ya fi. Abu ɗaya da na yaba wa abin naku, wani baƙo ya taɓa zuwa da shi na ga wayar saman tana kare ƙugiya, yana ratsa ciyawa ba ya maƙalewa kamar sauran. Amma zare siriri kam kar ka fara, tarwaɗa mai kilo biyar in ta ji ƙarfe gindin kacalla take nufa kai tsaye, dole ka juyo da ita da ƙarfi.

Na Kande:

Jika sittin?? Ɗan'uwa kawo kuɗin in kai ka wajen masu soya kifi bakin tasha, sai ka ci wata uku ba ka jiƙa ƙafa ba hhhh

Ɗan Birni:

Na Kande kai dai ba ka rabo da ciki, Allah ya shirye ka. Mushe, Injiniya, Ɗan Masunta na gode ƙwarai wallahi na ƙaru. Na tsaya a kan na ƙasa 4000 da sanda 2,10 mai gaɓa biyu, Injiniya ka yi haƙuri sai baɗi. Saura abu biyu. Guda biyun da ke hannuna faifansu dogaye ne sirara farare, na ga wasu kuma masu faɗi zagayayyu, akwai bambanci ne ko ado ne? Sannan na ga ana sayar da wani ɗan makulli mai juyawa da ake ɗaurawa a bakin zare don saurin canza abu, in sa a kawo? Har yanzu kuma zancen zare bai zauna mini ba, ɗaya ya ce lailan ɗaya ya ce saƙaƙƙe.

Injiniya Zango:

Ba komai, za ka dawo hanya ne, hhh. Faifai ba ado ba ne, kusan ma su ne komai. Dogon siriri da ke hannunka shi ake kira wilo, walƙiyarsa ta fi yawa, girgizarsa kaɗan, an yi shi don ruwa mai haske da ja da sauri, yana kuma ratsa ciyawa da kyau. Zagayayyen sunansa Kolorado, shi ne mai bugun ruwa, tun daga nesa kifi ke jinsa, kuma yana juyawa ko da kana ja a hankali ƙwarai. Akwai na tsakiyarsu Indiyana. Ruwanmu daga Yuli zuwa Satumba ja ne wur, ko bayan damina ma ba ka ganin ƙafarka in ka shiga zuwa gwiwa, to ka haɗa da abin da Ɗan Masunta ya faɗa kan tarwaɗa ka ga Kolorado ne namu, ruwan zinariya ko na jan ƙarfe, gashin kuma fari ko rawaya mai ɗaukar ido ko baƙi. Wilo ɗinka ka ajiye wa kogin Yamai lokacin da ruwa ya kwanta. Ba sai ka sayi sababbi da yawa ba ma, ya sayo faifan Kolorado zalla lamba 4 da 5 da ƴan zobba, da filaya za ka canza na ƙarshen da kanka.

Makullin nan kar ka sa. Dubi inda wayar ta lanƙwashe, a yawancinsu buɗe yake ba rufaffen zobe ba, makulli zamewa yake ya gangara kan waya abin ya zo a karkace. Kuma ba ka buƙatarsa don sifinabet ba ya murɗa zare, faifan kaɗai ke juyawa jikin kuwa a tsaye yake tafiya. Ɗaura kai tsaye, ka nemi ƙullin Palomar a YouTube minti biyu ka iya, ka jiƙa shi da yawu kafin ka tsuke. Bayan kowane kifi ka duba wayar, in ta buɗe ko ta karkace ka mayar da ita da hannu faifai su dawo daidai saman ƙugiya, in ba haka ba a kwance zai riƙa tafiya.

Saboda karfasa kuma, ka ce ya jefo maka ƴan Mepps, wato ƙananan ƙugiyoyi masu faifai ɗaya mai juyawa, lamba 1 da 2 guda uku ko huɗu, ƴan Faransa ne dama tun 1938 ake yinsu can, kowane kantin kayan su yana da su. Su kam suna murɗa zare, a nan ne makullin mai juyawa zai yi maka amfani. Sai dai sandarka ta yi musu ƙarfi, ba za su yi nisa ba, amma ranar da manya suka ƙi ba za ka koma gida hannu rabbana ba.

Mushe Mai Ritaya:

Zancen zare ga yadda za ka raba gardama. Wasu mulinen suna zuwa da kan naɗi na biyu a kwali, in babu ya tambaya a sayar masa. Ɗaya ka cika da lailan 0,33, da shi za ka koya, yana da arha, yana miƙewa kaɗan don haka in ka yi gaggawar fizga yana rufa maka asiri, kuma ya fi jure gogar dutse, wanda a kogi za ka gode masa don saƙaƙƙe in ya gogi dutse mai kaifi yana a miƙe tsinkewa yake nan take. Na biyun ka sa saƙaƙƙe 0,20 don cikin kacalla, nan kam Injiniya ya fi ni gaskiya. Ka fara naɗa lailan mita goma a ƙasa kafin ka ɗora shi, in ba haka ba santsi gare shi zai riƙa zamewa gaba ɗaya a kan ƙarfen ka ɗauka birki ne ya lalace. Kuma kar ka taɓa naɗa shi a hannu ka ja in abu ya maƙale, yanka yake har ƙashi, nemi guntun icce ka naɗa. Akwai na uku da za su so sayar masa, fuloro, wanda ba a cika ganinsa a ruwa ba kuma yana nutsewa, yana da tsada kuma a jan ruwanmu ɓoye zare ba shi ne damuwarka ba, mita 25 na 0,50 ya ishe ka, ka riƙa ƙulla kamu biyu a gaba in za ka nemi giwan ruwa, saboda bakinsa kaushi gare shi kuma murfin kunnensa yana da kaifi. In wurin akwai zawai mai haƙora to sai ƴar waya, shi babu zaren da yake bari.

Birki ka ɗaure shi yadda in ka ja da hannu da ƙarfi zai saki, kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ƙarfin zaren. Sandar nan kuma kabon ce tana ɗaukar wuta, in hadari ya taso ana walƙiya ka kwantar da ita ƙasa ka bar bakin ruwa, haka in za ka wuce ƙarƙashin wayar kuran ka sauke ta. Ka ce ya ƙara filaya mai dogon baki da zoben kan sanda guda biyu na ajiya, shi ne ke fara karyewa a bayan moto. In kayan sun iso ka yi mini magana ta akwati, ina Sabon Gari, mu je fili in nuna maka jifa kafin ka kai su ruwa.